Ranar da Aka Ƙirga wa Gungume Goma

Bazara ce, irin wadda Tamale take yi kafin ruwan farko, lokacin da ko tabarma ka taɓa da tsakar rana sai ka ji kamar daga kan murhu aka ɗauko ta. Rijiyoyin unguwarmu, Zango, duk sun ƙafe. Mu mata muna idar da sallar asuba mu ɗauki garewani mu bi hanyar dam, mu dawo da jan ruwa wanda sai ya wuni a randa kafin ya kwanta. Amma a shekarar ba wanda yake ƙorafi sosai, domin ita ce shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu. Mutane suna tafiya a titi kamar kowa shi kaɗai aka yi wa albishir. Direbobin lori suna busa ƙaho ba dalili, teloli ba sa hutawa, kowa yana cewa nan da ɗan lokaci famfo zai shigo har tsakar gida. Komai sabo ake so, sabuwar waƙa, sabon zane, sabon suna. Ba wanda ya tsaya ya tambaya, to shi tsohon abu da wane ma'auni za a auna shi a sabuwar ƙasar. Ni ma ban tambaya ba. Ina da 'ya'ya uku da tulin wanki.

Abin da ya sa na ɗauki biro, jikokina ne. Yanzu a unguwar Vittin nake, nan gefen Tamale, gidan ɗana na biyu, gidan siminti da gilashi, inda ba ka jin dakan maƙwabta sai ƙarar babura masu shiga gari. Da yamma samarin sukan taru a baranda, kowa da waya a hannu, su yi ta musu a kan 'yan damben ƙasashen waje masu nauyi, na da da na yanzu, wane ne ya fi. Wannan ya ce na da sun fi zuciya, wancan ya ce na yanzu sun fi girma da horo, na da ko turmi biyu ba zai kai ba a gabansu. Suna karanto wa juna daga waya, wane ya ci kaza, an kayar da shi kaza, tsawon hannunsa kaza, kamar masu cinikin shanu a kara. Kuma duk cikinsu ba wanda ya taɓa jin warin gumin ɗan dambe. Ran nan na gaji da ji, na ce a hankali, "Kakanku ma ɗan dambe ne, kuma mai nauyi."

Babban ya ɗago kai daga waya. "Mun sani, Mma. Ba shi ne wani mutumin Ankara ya zaunar a gaban duk gari ba?"

"Chale, ka ji ko," in ji ƙaninsa, don samarin nan chale suke ce wa aboki. "Ashe shan kashi a jini muke da shi."

Suka yi dariya, ba da mugunta ba, suka koma musunsu. Na so in ƙara magana, amma tun ina yarinya muryata ba ta iya ratsa dariyar maza. To ga shi na rubuta. Takarda dai ba ta katse mutum.

Maigidana mahauci ne, ɗan mahauta. Kakanninsa sun biyo shanu daga ƙasar Hausa suka zauna a nan. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba yana raye, amma a fage Gungume ake kiransa. In zai shiga ɗakina sai ya sunkuya kuma ya karkace. Damben da yake yi shi ne namu na gado, wanda mahauta suke yi bayan kaka a fili can bayan mayanka. Hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle a bi shi da zare har ya yi tauri kamar dutse, ɗaya hannun a miƙa shi gaba a buɗe don tsaro. Ni nake wanke masa zaren. Ina shanya shi a bayan ɗaki, ba a igiyar tsakar gida ba, don ba ya son kowa ya tsallake shi. In ya dawo ni nake gasa masa yatsu da ruwan zafi da man kaɗe, yana kallon rufi kamar ba hannunsa ba. Har yau in na ji kalangu daga nesa, ko na biki ne, sai in ji ƙamshin man kaɗe a hancina.

Dokar dambenmu gajeriya ce, yaro ma ya san ta. In gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, an kashe ka, wasa ya ƙare. Wanda ya kashe ba ya ƙara ko kallon banza. Ya juya wajen makaɗa su yi masa kirari, wanda aka kashe kuma ya tashi ya kaɗe jikinsa ya fita ba gardama. Abin kunya biyu ne kawai a fage: ka daki wanda ya riga ya taɓa ƙasa, ko kuma ka taɓa ƙasa ka miƙe ka ce ba ka yarda ba. Surukata, Allah ya ji ƙanta, takan ce ita ba ta taɓa damuwa da ƙarfin hannun ɗan dambe ba, abin da take so a gaya mata shi ne me ya yi bayan mutum ya faɗi. Tun da aka kawo ni gidan, kaka bayan kaka, baƙi suna zuwa daga Salaga, daga Yendi, har daga Kumasi, ban taɓa wanke ƙasa daga gwiwar wandonsa ba.

Ni kuwa a shekarar na shiga makarantar manya. Bayan la'asar mukan je wani aji na 'yan firamare mu zauna a kan bencinsu, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Malamarmu Badagomba ce daga unguwar Changli, muna ce mata Ticha. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Tana da haƙuri. Ita ta riƙe hannuna har na rubuta sunana. A gida ba a hana ni ba, ba a kuma ɗauki abin da muhimmanci ba. Yayan maigidana, Yaya Tanko, wanda muke gida ɗaya da shi, in ya gan ni da littafi sai ya ce, "Malama, yaushe za a naɗa ki gwamna?"

To ana shirin bikin 'yancin kai sai kwamitin gari ya ce cikin wasanni har da damben Turawa, na safar hannu da igiyoyi. Akwai wani mutumin Ankara, babban birnin ƙasarmu can bakin teku, da aka turo aiki garejin gwamnati, an ce a garinsu ya yi suna a wannan damben. Ƙato ne shi ma, ko da yake bai kai maigidana ba. An rasa mai nauyin da zai kara da shi. Wata rana ya je sayen nama, aka yi ta zolaya, sai ya ce da 'yar Hausarsa damben hannu ɗaya ai rabin dambe ne. Yaya Tanko ya ɗauki maganar ya yi ta hura ta. Kafin azahar an taru a rumfar sarkin fawa, kuma a nan maigidana, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya faɗi abin da ya hana ni barci. Ya ce in mutumin nan ya kayar da shi, ya bar musu Tamale da kasuwarta. Yaya Tanko ne ya shigo da labarin gida yana washe baki kamar an yi haihuwa.

Na ci gaba da tankaɗe. Amma na san mutumin da nake aure. In ya faɗi magana a gaban jama'a, to ya faɗa. A garin nan aka haife ni. Uwata tana nan unguwar Tishigu, idonta ya fara rauni, ni nake kai mata tuwo. Kabarin mahaifina yana nan. Ga yara uku, ga littafina da na kai rabi. Duk wannan an ɗora shi a kan wasan da bai taɓa gani ba ko sau ɗaya.

Kwana uku kafin ranar aka kira su awo. Sikelin da ake auna buhunan gyaɗa aka sa su hau. Mahauta suka ji haushi, suka ce su da suke auna nama yau su ake aunawa. Maigidana ya dawo yana dariyar abin, ya ciro wata takarda daga aljihu ya miƙo min, ya ce akawun kwamiti ya ba shi, in ina so in kunna wuta da ita. Na duba na ga Turanci ne. Ban kunna wuta ba. Na ninke ta na sa a cikin littafina, da la'asar na kai wa Ticha.

Ta karanta a hankali tana bin layi da yatsa. Ta ce dokokin wasan ne. Hannu biyu ake duka da su. Ban da ƙafa, ban da kai, ban da riƙo. Duk wannan bai dame ni ba. Sai ta zo layin ƙarshe ta tsaya.

"Kai, saurara nan da kyau," ta ce. "In mutum ya faɗi, alƙali zai ƙirga, ɗaya, biyu, har goma. In ya tashi kafin goma, wasa na nan."

"In gwiwarsa ta taɓa ƙasa fa?"

"Ko hancinsa ya taɓa. In ya tashi, wasa na nan."

"Ticha, ai wannan ba dambe ba ne."

"Ni ban ce dambe ne ba. Na ce shi ne a takarda. Mijinka ya sani?"

Na ce ban sani ba. Ta ce in rubuta da kaina don kada in manta. Na danne fensir har ya huda takardar, na rubuta: Idan ya faɗi wasa bai ƙare ba. Wannan shi ne abu na farko da na rubuta a rayuwata wanda ba darasi ba.

Da magariba na kai musu tuwo, shi da Yaya Tanko da wasu mahauta biyu suna zaune a tabarma. Na durƙusa na ajiye, ban tashi ba. Na ce, "Maigida, takardar nan, akwai magana a ciki."

Yaya Tanko ne ya amsa. "Ku yi shiru, Malama za ta koya mana dambe."

"An ce in mutum ya faɗi ana ƙirga goma..."

"Ƙirga goma? Ai in Gungume ya taɓa shi, su ƙirga har Sallah. Kawo mana ruwa, gwamna."

Aka yi dariya. Maigidana bai yi ba, amma bai kuma ce in ƙarasa ba. Na tashi na kawo ruwa. Washegari na je wajen surukata na gaya mata, ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba ta yarda akwai ƙasar da mutum zai faɗi ya tashi ya ce ba a kashe shi ba, wataƙila malamar ce ba ta karanta daidai ba. Ranar wasan da safe, yana ɗaura wando, na sake gwadawa, mu biyu kawai a ɗaki. Na buɗe littafin na nuna masa rubutuna, shi da ba ya karatun boko. Na karanta masa. Ya dubi rubutun ya ce, "Ke kika yi wannan da hannunki?" Na ce ni ce. Ya ce, "Ya yi kyau." Na ce, "Ka ji abin da ya ce?" Ya ce, "Na ji." Ya sunkuya ya fita. Ya ji rubutun ya yi kyau ne, ko ya ji maganar, har yau ban sani ba.

A da mata ba ma zuwa fagen dambe. Amma wannan bikin ƙasa ne, kowa ya fito, 'yan makaranta da tutoci, matan kasuwa da anko. Na goya ƙaramar 'yata na bi maƙwabciyata mai sayar da koko, na tsaya a bayan tukunyarta a gefen filin. Rana ta karkata amma ƙasa tana huci. An kafa dandali na katako mai tsayi da igiyoyi kewaye. Gangunan Dagomba a gefe ɗaya, kalangun mahauta a gefe ɗaya, kowa yana so ya danne ɗan'uwansa. Na ga an ɗaura wa maigidana safar fata mai kauri a hannu biyu, yana jujjuya su yana kallo kamar an sa masa takalmi a hannu. Alƙalin wasa, wani siriri mai farar riga, ya tara su a tsakiya ya yi dogon bayani da Turanci. Tafinta ya juya ya faɗi kalma kaɗan. Daga baya na tambayi maigidana me ya ce, ya ce cewa ya yi, "Ban da ƙafa, ku yi da gaskiya."

Aka buga ƙararrawa. Turmin farko mutumin Ankara ya yi ta zagaye shi yana tsalle-tsalle, yana taɓa shi da hagu a fuska, tas, tas, kamar mai korar ƙuda. Maigidana ya tsaya irin tsayuwarsa ta gado, hagu a miƙe, dama a can baya, yana juyawa a hankali. Mutane suka fara dariya. Bai kai duka ko ɗaya ba. Na san wannan tsayuwar. Awo yake yi. A turmi na biyu mutumin ya matso da yawa, ya saki jiki, sai hannun daman nan ya taso daga baya. Ban ga dukan ba, ƙararsa na ji, kamar an jefar da buhun gero daga kan lori. Mutumin Ankara ya durƙusa a kan gwiwa biyu, hannayensa a katako, kansa a sunkuye.

Filin ya kaure. Kalangu ya ɗauki kirarin Gungume. Shi kuwa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru. Ya juya baya, ya taka zuwa igiyar da ke wajen makaɗa, ya ɗaga hannu, sannan ya sa haƙori ya fara kwance igiyar safar. Mahauta suna ta tsalle. Ni kaɗai nake kallon alƙalin. Yana tsaye a kan mutumin yana sara hannu a iska. Na ƙirga tare da shi. A takwas mutumin ya miƙe yana tangaɗi. Alƙali ya duba idonsa, ya yi nuni a ci gaba. Na kira, "Maigida, juya!" Ko maƙwabciyata da ke gefena ba ta ji ni ba. Wani a kusa da dandali ya yi masa ihu, ya waiwayo da igiyar safar a bakinsa, hannayensa a ƙasa. A nan mutumin ya same shi a muƙamuƙi da duk ƙarfin da ya rage masa.

Maigidana ya faɗi zaune. Kuma a nan ne abin da jikokina ba su sani ba yake. Bai suma ba. Ina ganinsa sarai. Ya girgiza kai sau ɗaya, ya tofar da igiyar, ya dafa katako. Idonsa a buɗe, yana kallon alƙalin da ke sara hannu a kansa, ɗaya, biyu, uku. Mutumin da yake ɗaukar cinyar bijimi a kafaɗa, tashi ba zai gagare shi ba. Abokin karawarsa yana jingine da igiya, ƙafafunsa suna rawa, ko turawa aka yi sai ya sake zubewa. Ƙirga goma tana da tsawo in kana tsaye kana kallo. Na ce tashi, na ce tashi, har yarinyar da ke bayana ta farka tana kuka. Bai tashi ba. Ya taɓa ƙasa. A wajensa magana ta ƙare, kuma bai ga dalilin da siririn mutumin nan yake masa lissafi a ka ba. Sai da aka kai goma aka ɗaga hannun wancan, sannan ya miƙe tsaf, ya kaɗe wandonsa, ya ratsa igiya ya sauka.

To ga abin da yake cina, shekara nawa yanzu. A dokar da ya sani shi ya ci, domin shi ya fara kashewa. A dokar da bai sani ba ma da ya ci, da ya miƙe. Bai yi gardama da na farko ba, bai yi amfani da na biyu ba. Abin da ya rage a bakin mutane shi ne an zaunar da Gungume. Waɗanda suka gani sun mutu ɗaya bayan ɗaya, labarin yana ƙanƙancewa kamar sabulu, har ya zo hannun jikokinsa ɗan guntu. Shi ya sa in na ji su suna haɗa na da da na yanzu raina yake ɓaci. Kafin ka ce wane ya fi wane, ai sai ka faɗa min a dokar wa za su yi, wa ya rubuta ta, da wane harshe, kuma an karanta wa duka biyun ko ɗaya kawai. Na taɓa leƙa wayar tasu na ga irin damben. Mutum ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗi, ya tashi, a ƙarshe a ce shi ne gwarzo don ya jure. Ban ce ba jarumta ba ce. Amma a fagenmu wannan mutumin tun faɗuwar farko yana gida ana gasa masa fuska. Su kuma da sun ga maigidana zaune da idonsa biyu ana ƙirga, cewa za su yi ya tsorata. Waya ba ta da wurin rubuta abin da ya sa mutum ya ƙi tashi.

Kuma ba na wanke kaina. Na sha tambaya, da na ɗaga murya a kan tabarmar nan, da na ƙi tashi kawo ruwa, da na tsaya a bakin ƙofa na ce ba za ka fita ba sai ka maimaita abin da na karanta, me zai faru? Wataƙila ba abin da zai canza. Jiki yana da nasa karatun, kuma nasa ya daɗe da saukewa. Wataƙila ko ya sani sarai ba zai iya miƙewa daga ƙasa ya ɗaga hannu a gaban mahauta ba. Amma wataƙila da bai juya baya ba. Yaran yanzu mata suna magana da mazansu ido cikin ido, wani lokaci har abin ya ba ni kunya. Wani lokaci kuma in zauna in yi ta kallonsu.

Ya riga ni isowa gida. Na tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki, muƙamuƙinsa ya kumbura har ya taɓa wuya. Ana kiran magariba. Yaya Tanko yana zagaye tsakar gida yana cewa cuta ce, zalunci ne, gobe za su je wajen kwamiti. Maigidana ya ɗaga masa hannu ya yi shiru. Da ƙyar bakinsa yake buɗewa. Ya ce, "Na faɗi ko ban faɗi ba?"

"Amma ai kai ka fara..."

"Yaya, na faɗi ko ban faɗi ba?"

Maigidana ya juyo gare ni ya ce in fara haɗa kaya, jibi akwai lorin Kumasi, kuma ba zai sake taka kasuwa ba kafin nan. Na ce to. Na ɗora ruwa na gasa masa fuska. Bai ce komai a kan takardar ba, ni ma ban ce ba. Ya sha kunu kaɗan da cokali.

Da asuba ban ɗauki garwa ba, ban kuma taɓa kayan ɗaki ba. Yana kwance ya juya fuska bango. Na shiga zaure inda yake rataye wuƙaƙensa da gatarin sara, a naɗe cikin buhu. Tun da nake ban taɓa taɓa su ba, ba mace a gidan da ta taɓa. Na saukar, na yi gammo, na ɗora a ka. Surukata tana alwala ta gan ni, ba ta hana ni ba. Na fita.

Na bi ta Tishigu gari yana wayewa. Mata masu tafiya dam suna gaishe ni da yaren Dagomba, dasiba, ina amsawa, naa, suna bin kaina da kallo, don ƙotar gatarin ta leƙo daga buhu. Na san kafin in kai kasuwa labari ya koma gida cewa matar Gungume ta ɗauki wuƙaƙensa a ka tana ratsa gari. Na san kuma in ya ji wannan, ba zai iya ci gaba da kwanciya ba. Ban yi sauri ba.

A layin mahauta an riga an kawo nama daga mayanka, ana rabawa. Suna ganina hira ta tsaya. Na sauke buhun a kan teburinsa, na warware, na jera wuƙaƙen yadda nake ganin yana jerawa in na zo wucewa. Sarkin fawa, dattijo mai farin gemu, ya taso ya ce, "'Yata, ina mai su?"

Na ce, "Yana tafe, Baba."

Ban san ko yana tafe ba. Sarkin fawa ya dube ni, sannan ya ce a ajiye kason Gungume a teburinsa. Aka ajiye. Na tsaya a gefe na harɗe hannu. Rana ta fito, ƙudaje suka fara taruwa, ina kora su da gefen mayafi. Masu saye suna zuwa su leƙa su wuce. Yaya Tanko ya iso yana haki, ya ce in tattara in koma gida, ban ji kunya ba, so nake in ƙarasa shi? Na ce a hankali, "Yaya, ran nan na kawo ruwa. Yau ba zan motsa ba." Ya tsaya yana kallona kamar tukunya ce ta yi magana.

Sai layin ya yi tsit daga can ƙarshe. Ya taho a tsakiyar mutane, ya naɗe haɓarsa da rawani, bai kalli kowa ba. Ya zo ya tsaya a bayan teburin. Ya dubi wuƙaƙen, ya ɗauki biyu ya sauya musu wuri, don na jera ba daidai ba. Ya daɗe a tsaye hannunsa a kan ƙota. Ba wanda ya matso, ba wanda ya yi tari. Na ga in aka ƙara jimawa zai naɗe buhun ya juya. Sai na zagayo ta gaban teburin, inda masu saye suke tsayawa, na miƙa kwanona na ce, "Mahauci, yanka min na miya."

Ya dube ni ta saman kumburin. Ya wasa wuƙa, ya yanka, ya zuba min. Kafin in rufe kwanon wata tsohuwa ta matso bayana da nata.

Na koma gida na hura wuta. Na dafa naman tun hantsi har azahar, sai da ya narke ya bi ruwa, domin na san ba zai iya tauna ba.